Takarda Ɗaya, Shafi Takwas

A watan Disamba na 2023, da yaƙin Sudan ya iso birnin Wad Madani, muka bi ayarin masu gudu ta hanyar Fau har zuwa Gadarif, inda aka sauke mu a wata makarantar firamare tare da iyalai masu yawa, kowane aji an rarraba shi da igiya da zannuwa. Ni malamin Larabci ne, na yi shekara goma sha tara ina riƙe da alli, sai ga ni ina kwana a cikin aji amma ba ni da ɗalibi ko ɗaya. Yara kuwa ga su nan birjik. Da safe suna layin ruwa, da azahar suna layin abinci a takiyya, wato wurin girkin da mutanen unguwa suka kafa don ciyar da 'yan gudun hijira, sauran yinin kuma babu abin yi sai kokawa da jifan ƙadangaru a bayan katanga. Baƙin allon ajinmu yana nan a bango, amma an buga masa ƙusoshi an rataye tukwane da kayan jarirai.

Wadda ta kawo dabarar da nake son ba da labarinta wata matashiya ce da ta yi karatu a kwalejin zane-zane ta Kartum kafin faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Gudu biyu ta yi, daga Kartum zuwa Madani, daga Madani zuwa Gadarif, kuma duk kayan zanenta sun salwanta tun a gudun farko. Wata ranar Alhamis ta zauna a ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da aka kafa a tsakar makarantar, da farar takarda guda ɗaya da almakashin da ta aro wurin wata mai ɗinki. Ta ninka takardar gida biyu, ta sake ninkawa, ta kuma sakewa, ta warware, sai ga ɗakuna takwas sun fito a jikinta. Ta mayar da ita ninki biyu, ta tsaga daga bakin ninkin zuwa tsakiya, ta buɗe, ta ninka a kan tsawonta, sannan ta turo gefunan biyu suka doshi juna har tsagar ta wage baki, ta lanƙwashe duka wuri ɗaya. Abin da ya rage a hannunta ɗan littafi ne mai shafi takwas, har da bangon gaba da na baya, bai wuce tafin hannun babba ba, babu ɗinki kuma babu gam. Yaran da suka taru don ganin abin da take yi da almakashi suka yi tsit, sai wani ƙarami daga cikinsu ya ce, "Ustaza, sake yi."

Takardar irin ta ofis ce, wadda ake kira A4, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7, don haka kowane shafi yakan fito kusan santimita 7 da rabi a faɗi, 10 da rabi a tsawo. Hikimar wannan ninki ita ce duk shafukan takwas a fuska ɗaya ta takardar suke, ke nan kwafi ɗaya a inji ya isa ya ba ka littafi guda cur. Ustaza ta gaya mana cewa a Amurka da Turai ana ce wa irin waɗannan 'yan mujallu zin, suna ne da ya samo asali daga masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya waɗanda suka fara buga nasu da kansu tun shekarun 1930, daga baya matasan makaɗa na shekarun 1970 suka yaɗa al'adar da injin kwafi. Na saurare ta da ladabi, amma a raina ban ɗauki abin baƙo ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da hannu ake kwafar waƙoƙinta, matan da ake kira jaji su ɗauka su kai wa 'yan taru a ƙauyuka. A Kano kuma, tun shekarun 1980 matasa maza da mata suke buga 'yan littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kaiwa kasuwa ba tare da sun jira izinin wani kamfani ba. A nan Sudan ma iyayenmu sun tashi da mujallar yara ta As-Sibyan, wadda aka fara bugawa a 1946. Bambancin kawai shi ne As-Sibyan manya ne suke rubuta wa yara, wannan kuwa yara ne za su rubuta wa duk wanda ya ga dama ya karanta. Yaran ba su taɓa kiranta zin ba. 'Yar takarda suke cewa, kuma haka sunan ya zauna.

Zubin farko asara muka yi. Yara goma sha huɗu suka kwana uku suna zane da fensir, na tattara na kai wani shagon kwafi a gefen kasuwa, na yi sintiri kwana biyu ina jiran a kawo wuta, da aka buga kuma sai takardun suka fito fari fat, sai ɗan alamun layi kamar sawun tururuwa. Inji ba ya ganin fensir sosai, shuɗin biro ma a dushe yake fitowa, kuma yakan cinye kusan rabin santimita a kowane gefe, abin da babu wanda ya faɗa mana. Wani yaro kuma ya cika ɗakunan takwas suna kallon gefe ɗaya, bai lura ba cewa jerin sama a kife ake rubuta shi, da muka ninka sai rabin littafinsa ya tsaya da ka.

Maganin ya fito ne daga inda ban zata ba. A unguwar Hausawan da ke maƙwabtaka da makarantar akwai wani dattijo Alaramma mai makarantar allo, wanda yakan aiko almajiransa da dafaffiyar dawa zuwa takiyya. Da ya ji labarin takardun da suka fito babu komai, ya yi dariya har da tari, ya aiko mana da kurtun tawada da alƙaluman kara guda goma da ya fiƙe da kansa. Tawadar ita ce wadda kowa ya sani, baƙin tukunya da ƙaro da ruwa, ƙaro kuwa ba abin nema ba ne a ƙasar da ta fi kowace fitar da shi a duniya, daga itacen dakwara da Larabawa suke kira hashab. Wannan tawada ta allo ita injin ya fi so. Baƙinta ƙirin yake fitowa, har kaurin layi da sirantarsa yadda alƙalami ya juya. Almajiran da suka kawo ta suka ƙi komawa, su ne suka koya wa sauran yadda ake zayyana, wadda 'yan Sudan suke kira sharafa, aka riƙa ƙawata bangon gaba da ita. Ranar da takarda ta ƙare mana, Ustaza ta ba su labarin Ibrahim Salahi, babban mai zanen nan haifaffen Umdurman, wanda aka tsare a kurkukun Kobar a 1975, yana zane a kan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a cikin yashi idan masu gadi sun doso. Washegari yara suka zo da takardar buhun siminti har ta yi mana yawa.

Duk wannan lokaci da Larabci ake rubutu, kuma ban ga wani abin tambaya a ciki ba. Mu Hausawan Sudan jikokin mutanen da suka taso a ƙafa don sauke farali ne, ko waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Maiwurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ko waɗanda noman audugar Jazira ya tsayar bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. Hausa tana bakinmu a gida da kasuwa, amma makaranta da Larabci muka yi ta, kuma yaro yana iya girma har ya tsayar da gemu bai taɓa ganin harshen uwarsa a rubuce ba.

Wata yarinya mai kimanin shekara goma sha biyu ce ta fasa wannan ƙwai. Ta zana kakarta tana dama godo-godo, irin furar gero da nono da matanmu suke sayarwa, shafi bayan shafi daga surfe har zuwa ƙwarya, a ƙarƙashin kowane zane kuma ta rubuta abin da tsohuwar take faɗa, da Hausa, cikin haruffan Larabci. A nan na tafka kuskuren da har yau yake damuna. Na zaro jan biro, wanda shi kaɗai ne kayan aikina da ya tsira daga Madani, na soke layukan Hausar ɗaya bayan ɗaya, na rubuta ma'anarsu da ingantaccen Larabci a sama, ina ganin na yi mata gata tunda yanzu kowa zai iya karantawa. A kan asalin takardar na yi wannan aiki, wadda ta kwana uku tana yi, ba a kan kwafi ba. Ta karɓa ba ta ce komai ba, ta ninke ta sa a cikin mayafinta, mako biyu ba mu sake ganinta a rakuba ba.

Da abin ya ishe ni sai na je na yi sallama a bakin zanin da ya raba kusurwarsu da ta maƙwabta. Tsohuwar ta amsa, muka gaisa, na ce, "Inna, 'yar taki ta daina zuwa, ko lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Ni dai ban iya karatu ba, amma da ta karanta mini na farko, na ji bakina ne. Da ka gyara ta sake karantawa, sai na tambaye ta wace Balarabiya ce wannan take dama fura." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma daina tsince wakenta ba. Na ba da haƙuri, na tashi da sanyin jiki, na gane cewa gyaran gangar Auzinawa na yi.

Don in wanke laifina sai na faɗa wani kuskuren, na ce to bari a koyi boko, tunda da shi ake buga littattafan Hausa a Nijeriya da Nijar. Mako guda na yi ina fama. Yaran ba su san haruffan nan ba sai a darasin Turanci, suna rubutawa daga hagu kamar masu tafiya da baya, kuma ko sun iya, babu wanda zai karanta musu a gida. Na haƙura, muka koma kan haruffan da hannunsu ya saba da su, na roƙi Alaramma ya riƙa leƙo mu tunda shi ya gaji ajami a wurin mahaifinsa.

Zuwansa na farko ya zo daidai da kakar riɗi, lokacin da rabin Gadarif yake tafiya yanka. Wani yaro da ya bi kawunsa aikin ya yi 'yar takarda a kai, ya rubuta a bangon gaba da manyan haruffa. Alaramma ya ɗaga ta kusa da idonsa, ya ɓata fuska, ya ce, "Kai yaro, za ku ƙona me? Wutar da ake ciki ba ta isa ba?" Yaron ya ce, "Baba, za mu gona na rubuta." Dukansu biyu daidai suka karanta. A bakin mutumin Sudan harafin ƙaf (ق) ga ake furta shi, don haka duk yaron da ya yi makaranta a nan da shi zai rubuta gona da gida da gero. A ajamin da Alaramma ya gada kuwa, gain (غ) ne yake ɗaukar wannan sauti, ƙaf kuma an bar wa ƙasa da ƙofa da ƙona. Da dattijon ya karɓi alƙalami don ya nuna musu yadda ake rubuta ƙasa, sai yaran suka haɗa baki suka karanta fasa, domin a rubutun allo irin na Yamma ɗigo ɗaya ake sa wa ƙaf a sama, fa kuma a sa mata nata a ƙasa, alhali a littafin makaranta ɗigo ɗaya a sama fa ce. Aka yi ta dariya har mata suka leƙo daga azuzuwa.

Wannan gardama ta ɗauke mu kusan wata guda, kuma a ganina ita ce darasi mafi amfani da aka yi a ƙarƙashin rumfar nan, duk da cewa babu wanda ya shirya ta. Yara suka ƙi gain, suka ce idan suka gan shi maƙogwaronsu ne yake motsi. Alaramma ya ƙi sakin ƙaf. Daga ƙarshe yarinyar godo-godo, wadda ta dawo ba tare da ta kalle ni ba, ta ce a ƙara wa ƙaf ɗigo na uku idan ga ake nufi, a bar mai ɗigo biyu ga ƙa. Na gaya musu cewa mutanen Tunisiya da Aljeriya ma haka suke yi, amma wannan bai burge su ba, su dai sun ga abin ya yi. A kan ɗa suka bi Alaramma suka ɗauki ط, domin sun gaji da rikita da da ɗa. A kan ca suka ƙi ث ɗinsa, suka tsaya kan ta da shin a haɗe yadda suka saba gani. Ni da na shekara ina koyar da ƙa'ida, sai ga ni ina kallon yara suna ƙera tasu, kuma da na auna sai na ga ba ta fi wadda na gada rauni ba, domin kowace doka a cikinta an kafa ta ne bayan wani ya yi tuntuɓe. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne da hannu ake rubutun. Allon wayar salula ba zai ba ka ɗigon da babu shi a ciki ba, alƙalamin kara kuwa ko ɗigo nawa ka nema zai ɗiga maka. Tun daga nan kowace 'yar takarda takan ɗauki ɗan mabuɗi a bangon baya, layi huɗu, mai bayyana wane harafi ne yake wane sauti.

Wata rana wasu ma'aikatan agaji suka zo da mota da kwalayen fenti da allon sanarwa, suka ce kowane yaro ya zana zaman lafiya. Yara masu ladabi ne, suka zana farar kurciya da tuta da hannaye biyu suna musafaha, aka ɗauki hoto, aka kwashe zanen aka tafi da shi. Ba na raina alherinsu, domin bandir biyu na takarda da suka bari, kowane mai ɗauke da 500, su suka riƙe mu watanni. Sai dai na lura cewa a irin wannan shiri babba ne yake zuwa da tambaya da amsarta, yaro aikinsa cike gurbi, kuma abin da ya zana ba ya kwana a hannunsa. Idan aka ƙyale su kuwa, abin da suke rubutawa daban ne. Wani ya yi bayanin yadda mahaifinsa yake yanka naman agashe falle-falle ya barbaɗe shi da ƙuli da yaji ya jera a gefen garwashi. Wata ta zana taswirar lungunsu na Madani, da gidan mai ƙanƙara da inda kare yake cizo. 'Yan ƙwallo suka yi tasu a kan Hilal da Marrik, manyan ƙungiyoyin ƙwallon Sudan, wadda ta jawo faɗa har sai da aka buga martani.

Yaƙin yana ciki, amma ta gefe yake shigowa. Akwai wani yaro marar yawan magana da ya yi tasa a kan tantabarunsa. Kowane shafi tantabara ɗaya, da kamanninta da halinta: fara mai ɗingishi, baƙa mai kwaɗayi, mai ruwan toka da ba ta sauka sai a kan tankin maƙwabta. A shafi na bakwai ya zana ɗakinsu a kan soro, ƙofar a rufe da sakata, ya rubuta a ƙasa cewa da za su fito da asuba ya manta bai buɗe ba. Bangon baya mabuɗin haruffa ne kawai, kamar na kowa. Ustaza ta karanta ta tashi ta zagaya bayan aji, ni kuma jan birona yana aljihu, a can ya zauna.

Kwafi ashirin muke bugawa na kowace, da kuɗin da muke haɗawa ni da Ustaza da mai agashen nan, wanda ya ce tunda an tallata shi dole ya biya. Biyar na marubucin ne ya raba yadda ya so, sauran a ajiye a teburin mai shayin bakin ƙofa, inda masu jiran jabana, wato gahawa, suke ɗauka su juya, wasu su sa a aljihu su manta da mayarwa. Da dare a cikin azuzuwa sai ka ji yaro yana karanta wa tsofaffi da hasken waya, ana katse shi ana cewa ba haka ake dama fura ba. Wasu aka ɗauki hotonsu aka tura ta WhatsApp ga dangi a Jidda da Kano. Wani kawun yaran a Kano ya aiko da saƙon murya yana karantawa yana cijewa, har ya kai bangon baya ya ga mabuɗin, ya ce to ai sai ku sa shi a gaba, ya koma farko ya karanta tiryan-tiryan. Yaran suka zauna a kan shawararsa suka ƙi ta, wai bangon gaba na zayyana ne.

Bayan sojoji sun karɓe Madani a watan Janairu na 2025, iyalai suka fara komawa, aka kuma buƙaci a bar azuzuwan don makaranta ta ci gaba. Ustaza ta wuce Bur Sudan wurin 'yan'uwanta. Muka zauna a rakuba muka raba asalin takardun, kowa ya ɗauki nasa, ni na riƙe kwafi ɗaiɗai a cikin wani gwangwanin madara, har da ta godo-godo ta biyu, wadda yarinyar ta sake yi daga farko ba ta nuna mini ba sai bayan an buga. Ni ban koma ba tukuna, domin na samu aji a wata makaranta a nan Gadarif, kuma duk Alhamis bayan la'asar akwai yara bakwai ko takwas na unguwa da suke zuwa da almakashi.

A makon jiya yaron tantabaru ya aiko da saƙo ta wayar mahaifinsa daga Madani. Bai ambaci tantabarun ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce ya tara yaran lungunsu ya nuna musu ninkin, sun samu baƙin tukunya da ƙaro, amma tawadar tana tsinkewa tana bin takarda, yana so in tambayi Baba Alaramma ƙaro nawa ake sawa a ruwa nawa. Na je na same shi bayan magariba yana fiƙe alƙalami a bakin zaure. Ya ce shi tun da yake bai taɓa aunawa ba, amma in gaya wa yaron ya jiƙa ƙaron ya kwana, ya tace da tsumma, ya riƙa zuba baƙin kaɗan-kaɗan yana damawa, sannan ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan farcen babban yatsansa. In ya gangara, a ƙara ƙaro. In ya tsaya cak, ta yi. Na kunna wayar na miƙa masa ya faɗa da bakinsa, ya maimaita sau biyu, a ƙarshe ya ƙara da cewa a gaida masu gona, mai ɗigo uku.